Kunnen Nalado

Shekara ashirin da bakwai
tsohon injin zartona na ɗaure a bayan babur,
daga Ƙofar Marusa har Ɓatagarawa.
Duk inda bedi ya jingina da katangar wani,
ko gawo ya mutu a tsaye tsakiyar gona,
sai a ce, a kira Nalado.

Jan fentinsa ya koɗe, ya koma tukar goro.
Igiyar tayarwa ta huɗu ke nan,
mariƙin ma da roba na naɗe shi.
Nauyi kamar ɗan maraƙi.
Amma mun san halin juna.

Sukurori uku ne a kabiretarsa.
Da sassafe, in sanyi ya sa shi tari,
sai in zaro ɗan sukundireba, in karkata kai,
in murɗa kaɗan-kaɗan, kamar mai laluben tasha a rediyo.
In ya yi kukan yunwa, in ƙara mai.
In ya yi gurnanin ƙoshi, in rage.
Tsakanin biyun akwai wata murya
siririya kamar bakin reza,
nan nake tsayawa.
Ba malami ya koya mini ba. Kunne ne.

Bara Mannir, ɗan ƙanwata, ya dawo daga kudu
da sabo fil a kwali.
Na juya shi, na sake juyawa,
ina neman ramin sukuru. Babu.
Ya ce, Kawu, wannan da ƙwaƙwalwarsa ya zo,
shi ke auna iska, shi ke auna mai,
zafi ko sanyi, shi ke gyara muryarsa.
Na ce, to, Allah ya kai mu ranar da zai sha man bumburutu.

Muka tafi Kaita, iska ta kayar da tsamiya kan rumbu.
Ja biyu, nasa ya tashi.
Ni ina ja na tara, gumi na ɗiga a gemu.
Kafin in fitar da gunduwa uku ya yi bakwai,
mai kaɗan ya kai shi azahar,
hayaƙi bai sa shi hawaye ba.
Na ce sarƙata ce ta dakushe.
Mai rumbun ya kau da kai.

Ranar kuwa ta zo.
Galan ɗaya na bakin titi, an sirka shi da kananzir,
ya shaƙe, ya yi shiru, ya ƙi ko da atishawa.
Muka kai wa Rabe a 'yan katako,
Raben da ke haɗa injin ban ruwa ido rufe.
Ya leƙa, ya goge hannu a wando,
ya ce sai Kano,
sai mai kwamfuta ya tambaye shi inda ke masa ciwo.
Mako uku Mannir na riƙe mini galan.
Ban yi dariya a gabansa ba.
Sai da na shiga gida.

Ga abin da ban faɗa masa ba.
Damina biyu ke nan kunnen hagu ya yi sallama,
na dama kuma gyare ya tare a ciki, ba dare ba rana.
Tabawa sai ta dafa kafaɗata kafin ta yi magana.
Injin da na saurara, shi ya cinye sauraren.

Jiya na murɗa sukuru, na murɗa, na dawo baya,
muryar nan ban same ta ba.
Mannir ne ya ɗaga hannu daga nesa:
Kawu, ya yi yawa, za ka ƙona fistin!

Yau da safe na ari nasa.
Ba nauyi. Ja biyu.
Na tsaya gindin bedi, rawarsa na ratsa tafina,
wani abu can ciki yana saurare a madadina.
Ban sani ba ko godiya zan yi masa.

Tsohon yana rataye a zaure.
Ɗan sukundireban, da na laluba kuɗin fura,
yana nan a aljihu.